Azara Uku a Soron Yakaka

Sunanta Yakaka Mala Gana, matar marigayi Badaru na Tsamiya Uku, a ƙasar Kunci. Na fara saninta a watan Nuwamba na shekarar 2021, bayan an gama yankan dawa, ranar da ta aiko a kira ni in toshe mata tagogin soro.

Ni sunana Fatihu, sana'ata ginin ƙasa. Na yi shekara talatin da biyar ina ɗora tubali a kan tubali kafin in iya jera baƙi kusa da baƙi, domin sai da na haura hamsin sannan na zauna a ajin yaƙi da jahilci. A duk tsawon wannan zamani buɗe taga ake kirana in yi, ba a taɓa kirana in toshe ta ba. Saboda haka na tafi da niyyar sai na ji dalili kafin in kwaɓa ƙasa.

Na same ta a tsakar gida tana cuɗa ɓuntun shinkafa da garin katako da shebur, doguwar mace mai tsagen Barebari a kumatu, ta ba hamsin baya. Iyayenta daga Barno suka zo tun ba a haife ta ba, suka zauna a Bacirawa, cikin birnin Kano, suna sayar da kanwa da busasshen kifi, aure ne ya kawo ta karkara. Da aka ce mata ni Bafillace ne, sai ta jingine shebur.

"Yau na ga abin mamaki. Ku da kuke kwana a bukkar kara, yaushe kuka san gini?"

"Tun ranar da muka ga bayinmu Barebari suna kwana a fili, tausayi ya kama mu."

"To bawana, bismillah, zo ka ga aikin uwargijiyarka."

Tsakaninmu da Barebari wasa ne tun kaka da kakanni, kuma a kan wannan wasa muka zauna da ita.

Soron kakan mijinta ne ya gina shi. Kaurin bangonsa kamu biyu, rufinsa azarar giginya da ƙasa, kuma wanda ya shiga da tsakar rana sai ya ji kamar ya tura kansa cikin randa. A ciki ta jera kantoci na itace har zuwa sama, a kan kowace kanta ledoji cike tam, wasu sun yi fari kamar auduga, wasu kuma an tsaga musu gefe, wani abu mai kama da kunnuwa yana fitowa a cure. Laimar kwaɗi ce, amma ba irin wadda ke tsirowa a juji da damina ba, wadda muke hana yara taɓawa. Wannan shuka ta ake yi, ci ake yi.

Ta gaya mini yadda ta faɗa wannan sana'a. Da mijinta ya rasu aka raba gona, abin da ya zo hannunta mutum ɗaya zai nome shi kafin hantsi. A wajenmu kuwa babu daji, gona ce jingine da gona, ba inda mutum zai ƙara taku ɗaya bai taka haƙƙin wani ba. Sai ta tafi Kano ta yi kwana goma a wajen wata ƙungiyar mata tana koyo. Ta ce tunda ƙasa ta ƙi faɗi, ita a tsaye za ta yi nomanta. A cuɗa ɓuntu da garin katako da ruwa, a ɗura a leda, a turara a cikin durom a kan wuta, a bari ya huce, a zuba iri, a ɗaure, a ajiye a duhu kamar wata guda har ledar ta yi fari, sannan a tsaga a riƙa yayyafi. Ba ta son rana, ba ta son zafi, ba ta son busasshiyar iska. Mata biyar na unguwar suka shigo mata, kowacce da ledojinta, duk a soro ɗaya, domin sauran ɗakunan garin an mayar da su kwano. Wata mata tana zuwa daga Kano duk mako ta kwashe ta kai wa masu otal, abin da ya rage a shanya, abin da ke cikin leda kuma in ya gama bayarwa a kai gona ya zama taki.

Na toshe tagogin, na bar ƙananan ƙofofin iska biyu a ƙasa, biyu a sama. Amma da na ga buhunan algarara jiƙe a rataye, da yashi jiƙe a daɓe, da tsintsiyar da take tsomawa a ruwa tana yarfawa sau uku a yini, sai na ce mata:

"Yakaka, ruwa da ginin ƙasa ba su taɓa zama lafiya ba. Abin da ke raya wannan abu naki shi ne zai ci soron nan."

"A buhu nake yayyafi, ba a bango ba."

"Bangon ba ya tambayar wa aka nufa."

Na shafe gindin bangon da makuba, na tafi. Bayan haka nakan biya lokaci-lokaci, ta zuba mini miyar abin in kai gida. Ba zan ɓoye ba, da farko kaji na ba wa. Daga baya na ci, na kuma koma.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a bazarar 2023.

Ɗanta na fari, Abdulhadi, direban tifa ne a Bacirawa. Ya zo gida da ƙaramar Sallah, ya ga tsaga ta sauko daga rawanin soron ta gabas. An ce mini a majalisa wani ya yi masa gori, ya ce mutum yana kai yashi gidajen mutane a birni, uwarsa tana shiga kango sau uku a rana. Bai ce wa kowa komai ba. Bayan kwana goma sai ga tifa a ƙofar gida da bandir ɗin kwano da katako da kafinta. Nufinsa a yaye rufin ƙasa a ranar, a buga kwano kafin ruwa. Kyauta ce ya kawo wa mahaifiyarsa.

Barira, maƙwabciyarta kuma ɗaya daga cikin matan nan biyar, ita ta zo har inda nake aiki tana haki, ta ce in bar abin da nake yi. Kwana goma sha biyu ke nan da suka ɗura leda ɗari uku da sittin, dukiyar mata shida gaba ɗaya, kuma da bazara ne abin yake da daraja domin babu mai iya fitar da shi sai mai ɗaki irin nata. In aka yaye rufin, rana za ta kashe su kafin azahar. In aka buga kwano, ɗakin ya zama tanderu har abada.

Na tarar da Abdulhadi a tsaye kusa da tsani, Yakaka a zaune a bakin madafi ta juya masa gefe. Ɗan fari ne: ba ta kiran sunansa, ba ta jayayya da shi fuska da fuska, shi ma ba ya ɗaga ido ya dube ta. Shi ya sa aka kira ni. Taku biyar ne tsakaninsu, amma sai magana ta biyo ta kaina.

"Malam Fatihu, ka faɗa wa mai motar nan an gode, Allah Ya yi albarka. Ya kai kwanonsa zaure ya rufa, can ma yoyo yake."

"Baba, ka faɗa wa Inna zaure ba zai kashe kowa ba. Ka dubi tsagar can. Hannuna yana shiga."

"Ka tambaye shi, tsagar nan ba ta girme shi ba?"

"Baba, bara ba haka take ba. Ni ba zan zauna ina jira a kira ni a waya a ce an tono ta ba."

Da ya faɗi haka sai Barira ta ce tunda ga magini, a bar wa magini. Abdulhadi ya ce ya yarda da abin da zan faɗa. Yakaka ta ɗaga kai ta dube ni, ta ce ita ma ta yarda.

Na hau sama na taka rufin a hankali, na ji ya ɗan saki ta gabas. Na sauko na shiga ciki da tocila da siririyar wuƙa, ina bin kan kowace azara inda ta shige bango. Giginya ba ta jin tsoron gara, amma kan da ke binne cikin danshi shekara ɗaya da rabi wani abu ne daban. Ta yamma wuƙa ta ƙi shiga. Ta gabas, a kan azara uku a jere, ta nutse kamar a cikin dafaffiyar kabewa.

Ban ji shigowarta ba, sai muryarta a bayana ƙasa-ƙasa.

"Me ka gani?"

"Uku sun tafi."

"Ban ce ka yi ƙarya ba, Ɗan Fulani. Cewa na yi ka rage gani. Wata ɗaya kawai."

"Yakaka, ban taɓa cewa rufi yana da lafiya ba alhali ba shi da ita. Ba zan fara a kanki ba."

Muka fito. Na ce wa Abdulhadi gaskiyarsa, rufin nan ba zai ɗauki ruwa mai ƙarfi ba. Ya juya zai yi wa kafinta magana, na ce ban gama ba. Muddin sama ba ta zubo ba, in aka tokare azarun da gwafanni, zai tsaya. A ba matan nan kwana ashirin da biyar su cire girbin farko, wanda shi ne mai yawa, sannan a yi abin da za a yi.

"In ruwa ya riga fa, Baba?"

"Zan riƙa zuwa kullum da safe in duba. Ranar da na ce a fita, an fita."

"In ya faɗo mata kafin ka ce fa?"

Na ce masa dai na ɗauki nauyin abin a wuyana, da sunana da aka sani daga Kunci har Shanono. Daga nan ya sa aka sauke kwanon aka jingine a bangon zaure, ya sallami kafinta, ya durƙusa daga nesa ya yi wa uwarsa sallama. Ita kuwa Barira ta ce wa a zuba wa baƙo fura ya tafi da ita.

A ranar na kafa gwafanni huɗu. Na shimfiɗa tamfol a kan rufin na danne da duwatsu, ko da yake na san iskar ruwan farko ba ta jin kunyar dutse. Ban ƙara yaɓe ba, domin ƙarin ƙasa ƙarin nauyi ne. A kan tsagar kuma na shafa ɗanyen yumɓu siriri a wuri uku, yadda maigidana a sana'a ya koya mini: in bango ya motsa ko da kaurin gashi ne, yumɓun zai nuna.

Sai muka zauna muka yi shawara a kan ranar ruwa, kuma a nan ne wuyar abin take. Kafin ruwa ba dama a fitar da ledojin, domin zauren kwano zai dafa su. Bayan ruwa ya sauka ba dama a bar su, domin rufin zai sha ya yi nauyi. Amma in hadari ya taso iska ta yi sanyi, zauren zai iya riƙe su 'yan kwanaki. Ke nan tsakanin sanyin iska da zubar indararo kaɗai za a iya kwashe su, ta ƙofa ɗaya wadda mutum biyu ba sa wucewa tare. Na ce musu da zarar ruwa ya fara zuba daga indararo, ni zan tsaya a ƙofar. Kowa ta ce ta ji.

Washegari na tarar ta sake jeri. Ledojin Barira da na Maimunat, ita ma ɗaya daga cikin matan, da na sauran sun dawo kusa da ƙofa, nata ɗari da arba'in sun koma can ƙurya, ƙarƙashin azarun nan uku. Na tambaye ta dalili.

"Sorona ne ya ruɓe, ba nasu ba."

Kwanakin da suka biyo baya ba zan so in sake irinsu ba. Kullum bayan asuba in kama hanya, idona a gabas. Garin ya yi zafi har kaji suna buɗe baki a inuwa. Manoma sun gama kai taki, sun gama sharar gona, kowa ya zuba wa sama ido. A rana ta tara yumɓun tsakiya ya rabu biyu. Na ƙara gwafa ta biyar, na rage mata yayyafi zuwa sau biyu, ta ce to, amma da na taɓa buhunan da la'asar na ji su jiƙe sharkaf. Na yi mata magana, ta ce ai Barira ce, Barira ta ce ai aljanu ne.

A rana ta goma sha shida dattawa suka ce a fita roƙon ruwa, domin ƙauyukan kudu sun samu, mu shiru. Na yi zaton Yakaka za ta zauna a gida. Sai na gan ta cikin mata tana dakan gumbar sadaka da ƙarfinta. Da muka haɗu a hanya na ce:

"Babarbariya, me kika roƙa?"

"Abin da kowa ya roƙa. Ba zan ce Allah Ya hana gari ruwa saboda ledojina ba." Ta gyara tallen ƙwaryarta. "Amma dai ban ce Ya yi sauri ba."

Ba ta yi dariya ba, ni ma ban yi ba. Na lura ta rame, kuma in ta shiga soron Barira takan tsaya a ƙofa tana kiran sunanta kowane ɗan lokaci don ta ji ta amsa. Abdulhadi yana kirana a waya kowace yamma, tambayarsa ɗaya ce, amsata ɗaya ce.

A rana ta ashirin suka tsaga ledojin. Bayan kwana biyu ƙananan kawuna suka leƙo kamar kan ashana. Yakaka ta ce kwana uku kawai take nema.

A rana ta ashirin da uku, bayan azahar, gabas ta yi baƙi.

Ina gidan tun hantsi, domin tun safe na ga tururuwa suna kwashe ƙwai kuma iska ta tsaya cak. Matan shida suka hallara suka tsaya a ƙofar soro, kowacce da kwando ko daro. Maimunat ta ce a fara, Yakaka ta ce a'a, da saura, zauren yana nan da zafinsa, in hadarin ya watse sun kashe abinsu da hannunsu. Sau biyu a wannan mako hadari ya taso ya wuce mu. Muka tsaya muna kallon sama. Can sai ganyen darbejiya ya juya, wata iska mai ƙamshin ƙasa ta taɓa mana fuska.

"Yanzu!" in ji ta.

Ita ta shiga ciki tana miƙowa, Barira a bakin ƙofa tana karɓa, sauran suna gudu zuwa zaure suna dawowa. Ni ma na ajiye girma na ɗauki daro. Ledar nan ba a jefa ta, ba a matse ta, in kawunan suka karye an yi asarar girbi, don haka gaggawar ma sai da lallami. Ba mu kai rabi ba iska ta ɗauke tamfol ɗin da duwatsunsa, ta maka shi a kan dangar maƙwabta. Ɗigon farko ya sauko manya-manya. Barira tana ta cewa, "Ku yi sauri, 'yan nan, Maimunat ba biki za ki ba!" Yakaka kuwa daga ciki ba ka jin komai sai "Karɓi. Karɓi. Karɓi."

Idona yana kan indararo. Ya fara ɗiga, sannan ya zama zare, sannan ya kece da jan ruwa, wato ƙasar rufin ce take tafiya. A lokacin ledar ƙarshe ta sauran matan ta fita. Na ce:

"Yakaka, fito."

Ta fito da leda huɗu a ƙirjinta, ta miƙa wa Barira, ta juya za ta koma. Na riga ta, na tsaya a ƙofar na kafa hannuwana a dokin ƙofa hagu da dama.

"Matsa."

"Mun yi magana."

"Sawu goma, Malam Fatihu. Sawu biyar. Ga su can ina ganinsu."

"Ko ɗaya."

"Gidanka ne? Ubanka ne ya gina? Bafillacen banza, wanda bai san zafin dukiya ba sai ta saniya!"

Wannan ba wasa ba ne, kuma duk wanda ke wurin ya san ba wasa ba ne. Ba zan iya taɓa ta ba, ita ma ba za ta iya ture ni ba, matar mutane ce, ni kuma dattijo. Muka tsaya ido cikin ido, ruwa yana dukanmu, bayana yana cikin soron, ina jin ƙasa tana zubo mini a wuya. Na ce mata in tana so ta shiga, sai dai ta jira ya faɗo mini tukuna. Barira ta kama zanenta ta baya tana kuka tana cewa, "Don Allah Yaya, don Annabi." Da ƙyar ta ja da baya. Na jawo ƙyauren na sa sakata, na zauna a kan turmi a gabansa.

An yi ruwa kamar sa'a guda, aka ɗauke. Soron yana tsaye.

Ba na jin na taɓa shiga hali irin na wannan lokaci. Rana ta leƙo, yara suna ihu a waje, maza suna ta barka da ruwa a kan hanya, ga soro a tsaye da gwafanninsa, ga mace ta zuba mini ido. Ta zo ta tsaya a kaina.

"To, sarkin magina. Ga shi bai faɗi ba. Buɗe."

"Rufin ƙasa ba ya faɗuwa yana sha. Sai ya ƙoshi."

"Har yaushe?"

"Ban sani ba."

"Ba ka sani ba, amma ka hana ni."

Na ce na hana. A zuciyata kuwa ina lissafi: a wannan sa'ar da ta wuce, da an bar su, da sun kwashe ledojin sau biyu. Idan soron ya kwana a tsaye, na san abin da za a faɗa a kaina a kasuwar Kunci, kuma na san za a yi gaskiya. Duk da haka ban tashi daga kan turmin ba. Na yi sallar la'asar a nan ƙofar, a kan buhu.

Rana ta yi ja sai muka ji wata 'yar ƙara daga ciki, kamar an taka busasshen kara. Bayanta wata. Sannan gefen gabas ya zauna gaba ɗaya, ba da rugugi ba, da wani nishi mai nauyi, iska ta turo ƙyauren har sakatar ta lanƙwashe. Ta inda rufin ya buɗe muka ga gwafannina biyu a karye, kantocin ƙurya kuwa babu alamarsu, jar laka ta kai ƙugun mutum a inda take tsayawa tana miƙo leda.

Matan suka sa salati. Yakaka ta daɗe tana kallo, sannan ta juya ta ce wa Maimunat ta ɗebo ruwa a jiƙa buhuna a rataya a zaure kafin gari ya waye da zafi. Ni ba ta dube ni ba, har na yi sallama na tafi.

Washegari Abdulhadi ya iso da sassafe. Ya tsaya a gaban lakar nan, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Uwarsa tana bakin madafi tana tankaɗe, ta ce wa Barira a ba baƙo ruwa, ya sha hanya.

Ledojin da aka tsirar sun ba da girbi ɗaya a zauren, bai kai yadda aka sa rai ba, na biyu kuwa zafi ya dawo ya cinye shi. Matan biyar sun fita da abin da suka zuba da ɗan ƙari. Ita ta fita da leda huɗu. Na ji daga baya cewa sun haɗa mata wani abu daga nasu, ta mayar musu sau biyu, a na uku Barira ta zuba mata a tukunya ta tafi.

Damina ba a ginin ƙasa, don haka sana'ar ta tsaya wata takwas, biyu daga cikin matan suka koma ƙuli-ƙuli ba su dawo ba. A duk wannan lokaci in mun haɗu gaisuwa ce kawai, ta mutunci, ba bawa ba uwargijiya. Na fi jin zafin wannan a kan zagin da ta yi mini a cikin ruwa.

Bayan kaka Abdulhadi ya zo gidana ya ce Inna ta ce a tambaye ni ko har yanzu ina gini. Shi bulo ya so, ita ta ƙi ta bakin Barira, suka yi wata guda ana kai magana ana kawowa, har ya sakar mata. Azara ta yi wuya a ƙasarmu yanzu, wadda muka tsamo daga tsohon soron da wadda ya samo a tifarsa ba su isa faɗin da ba, sai muka yi ɗaki rabin na farko. Na ɗora shi a kan gindin dutse, na raba kantoci da bango da kamu guda, na kuma gaya mata a gaban shaidu cewa duk shekara sai an tona kan azara an duba. Shi ne gini na ƙarshe da na yi da hannuna, domin gwiwa ta hana ni hawa tsani, 'ya'yana suka ɗauke ni zuwa Shanono.

Ranar da na miƙa mata ɗakin ta shiga ita kaɗai, ta daɗe, ta fito tana shafa bango da tafin hannu.

"Ya yi sanyi," in ji ta. "Amma ƙofar ta yi ƙanƙanta. Don kada in wuce ka ka yi ta haka?"

"Don kada zafi ya shiga."

"Ɗari da arba'in, bawana. Da ka ba ni sawu biyar."

"Ko yau aka sake, ba zan bayar ba."

"Na sani." Ta kira Barira ta ce a kunna wutar durom, akwai ɓuntu a jiƙe tun jiya.

Na ji labari tana nan tana yi, su huɗu yanzu. Rabona da ita ranar Juma'a, tara ga watan Fabrairu, 2024.